Filin Amsa Tambayoyi: John Cale, Ɗan Mahaƙin Kwal da Ya Shigar da Goge Cikin Kiɗan Rok

Tun bayan da muka ambaci sunan John Cale a gurguje cikin bayanin da muka yi a kan masu shirya faifan waƙa a ƙasashen Turai da Amurka, wasiƙu suka yi ta shigowa ana neman ƙarin haske a kansa. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin, ga kuma amsoshinsu.

Assalamu alaikum, Malam. Wane ne John Cale, daga ina ya fito, kuma me ake nufi idan aka ce kiɗansa na gwaji ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. An haifi John Davies Cale ranar 9 ga Maris, 1942, a Garnant, wani ƙauyen masu haƙar kwal da ke kudancin Wales. Wales ɗaya ce daga cikin ƙasashe huɗun da suka haɗu suka zama Birtaniya, tana da mutane kimanin miliyan 3, kuma tana da harshenta na Welsh wanda mai jin Turanci ba zai fahimci ko jimla ɗaya a cikinsa ba. Wannan batu na harshe shi ne mabuɗin yarintar Cale. Mahaifiyarsa malamar firamare ce mai jin Welsh, mahaifinsa kuwa mahaƙin kwal ne wanda Turanci kawai yake ji, kuma a gidan kakarsa ta wajen uwa suke zaune, wadda ta hana a yi Turanci a gidanta. Saboda haka yaron ya kai shekara bakwai bai iya yin doguwar magana da mahaifinsa ba, sai da ya koyi Turanci a makaranta. Shi da kansa ya sha ambaton wannan abu, kuma wanda ya saurari waƙoƙinsa da kunnen basira zai ji yadda maganar mutanen da suka kasa fahimtar juna take yawan dawowa a cikinsu.

Ya fara da fiyano da ogan na coci, sannan ya kama biyola, wato goge irin na Turawa wanda ya ɗan fi bayolin girma kuma ya fi shi kaurin murya. Yana ɗan shekara 13 ya shiga ƙungiyar makaɗan matasa ta ƙasar Wales. Daga 1960 zuwa 1963 ya yi karatun kiɗa a Kwalejin Goldsmiths ta Jami'ar Landan, inda hankalinsa ya bar kiɗan Turai na ilimi wanda aka gada, ya koma ga masu neman rushe dokokinsa. A 1963, da taimakon fitaccen mai tsara kiɗa na Amurka Aaron Copland, ya samu tallafin karatu mai ɗauke da sunan Leonard Bernstein, ya tafi makarantar bazara ta Tanglewood a jihar Massachusetts. A can ne ya gabatar da wani kiɗa wanda ya ƙare da sara teburi da gatari a gaban masu kallo, abin da ya nuna tun da wuri cewa ba zai zauna lafiya a cikin layin malamansa ba.

Daga nan ya wuce birnin New York, kuma a nan amsar tambayarka ta biyu take. A watan Satumba na 1963 ya shiga cikin makaɗan da John Cage, wani jagoran kiɗan gwaji ɗan Amurka, ya tara suka yi karɓa-karɓa a kan fiyano, suka maimaita wani gajeren kiɗa na Bafaranshe Erik Satie har sau 840, abin da ya ɗauke su sa'a 18 da minti 40. Bayan wannan ya shiga ƙungiyar La Monte Young, shi ma mai tsara kiɗa ɗan Amurka, tare da Tony Conrad da wasu, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe amo guda ko biyu na tsawon lokaci ba tare da yankewa ba, su ƙara masa ƙarfi da lantarki, har kunne ya fara jin wasu ƙananan muryoyi da ke ɓoye a cikinsa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa algaita yana shaƙar numfashi ta hanci alhali busar ba ta katse ba, ya san yadda amo marar yankewa yake cika kai. Cale ya ba da labarin cewa sukan daidaita kayan kiɗansu da gunjin firijin gidan da suke atisaye, domin wutar lantarkin Amurka tana kaɗawa sau 60 a cikin daƙiƙa, kuma wannan gunji ba ya hawa ba ya sauka. Kiɗan gwaji ke nan: mutum ya ɗauki abu ɗaya, kamar maimaici ko tsawon amo ko ƙara, ya tura shi har iyaka domin ya ga abin da zai fito, ba tare da ya damu da ko za a yi rawa da shi ba.

Abin da ya bambanta Cale da abokan gwajinsa shi ne bai bar wannan ilimi a ɗakin 'yan boko ba. Ya haɗu da Lou Reed, wanda a lokacin yake rubuta waƙoƙin kasuwa ga kamfanin Pickwick, ya kuma yi mamakin ganin Reed ya ɗaure dukkan tsirkiyoyin jitarsa a kan amo ɗaya, kusan irin abin da su Cale suke yi da sunan bincike. A 1965 suka kafa ƙungiyar Velvet Underground tare da Sterling Morrison, daga baya Maureen Tucker ta karɓi ganga. Reed ne mai baiti, yana waƙe rayuwar 'yan ƙwaya da mutanen dare na New York ba tare da ado ba, Cale kuwa shi ne mai amo. Ya cire tsirkiyoyin biyolarsa ya sa mata na jita da makamantansu, ya kankare jakinta domin ya iya goga tsirkiya uku a lokaci guda, ya jona ta da na'urar ƙara sauti, sai ta koma tana kuka kamar injin jirgin sama. Mai zane Andy Warhol ya zama manajansu, ya haɗa su da mawaƙiya 'yar Jamus mai suna Nico, kuma faifansu na farko, mai hoton ayaba a bangonsa, ya fito a watan Maris na 1967. Bai yi kasuwa ba, domin bai wuce matsayi na 171 a jadawalin cinikin faifai na mujallar Billboard ba a wancan lokaci. Amma Brian Eno, makaɗi kuma mai shirya faifai ɗan Birtaniya, ya faɗi wata magana a 1982 wadda ta zama kamar karin magana a wannan fage, cewa kwafi kusan 30,000 kawai aka sayar a shekarun farko, sai dai duk wanda ya sayi ɗaya ya je ya kafa ƙungiyar kiɗa. Akwai zuguguwa a maganar, amma ba ta yi nisa da gaskiya ba, kuma a ganina rabin abin da waɗannan matasa suka kwaikwaya amon Cale ne, ko da sunan Reed suka fi riƙewa.

Malam, idan har shi da Lou Reed suka gina ƙungiyar, me ya raba su? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Malama, zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Faifansu na biyu, White Light/White Heat, wanda ya fito a watan Janairu na 1968, ya fi na farko ƙara da hayaniya, har akwai waƙa mai minti 17 wadda aka ɗauka a zama ɗaya, ogan ɗin Cale da jitocin sauran suna kokawar wanda zai danne wani. Cale yana son a ƙara nutsawa cikin wannan hanya, Reed kuma yana son waƙoƙin da za su shiga rediyo, ga kuma rigimar wanda za a ce shi ne jagora. A watan Satumba na 1968 Reed ya kira Morrison da Tucker ya ce musu ko dai a sallami Cale ko ƙungiyar ta watse, kuma Morrison aka ɗora wa nauyin kai saƙon. Doug Yule ya maye gurbinsa, faifan da ya biyo baya kuma ya fito a natse, mai taushi, wanda ya nuna ƙarara abin da ya tafi da tafiyar Cale.

Mutuwar Warhol a watan Fabrairu na 1987 ce ta sake haɗa su, suka yi masa faifan ta'aziyya mai suna Songs for Drella a 1990, su biyu kawai ba mai ganga, kuma ina lissafa shi cikin mafi kyawun abin da kowannensu ya yi. A 1993 su huɗun asali suka zagaya Turai tare, amma kafin a kai ga Amurka tsohuwar rigima ta sake tashi. Morrison ya rasu a 1995, aka shigar da ƙungiyar cikin zauren girmama gwarazan kiɗan rok na Amurka a 1996, Reed kuma ya rasu ranar 27 ga Oktoba, 2013.

Ranka ya daɗe, ni ina aiki a wani ƙaramin situdiyo. Na ji ana yaba Cale a matsayin furodusa. Wane irin aiki ya yi wa wasu, kuma akwai abin koyi a ciki? Daga wani matashi a Kano.

Wannan ita ce tambayar da ta fi burge ni, domin a nan ne hannun Cale ya fi yaɗuwa alhali sunansa yana bayan bango da ƙananan haruffa. Ka san furodusa iri biyu ne. Akwai wanda yake tsayawa a bayan na'ura ya tabbatar murya ta fito tas, akwai kuma wanda yake shiga cikin waƙar kanta, ya yi gardama da mai ita, ya ce a zubar da wannan a sake wancan. Cale na biyun ne, kuma wannan hali ya jawo masa yabo da faɗa daidai wa daida.

Aikinsa na farko mai nauyi shi ne da Nico. A faifanta The Marble Index na 1968, ita ta zo da muryarta da ƙaramin ogan mai zuga-zugi wanda ba ya daidaita da sauran kayan kiɗa, Cale ya bar ta ta rera yadda take so, sannan ya gina nasa kiɗan a kewaye da ita, biyola da fiyano da ƙararrawa, kowanne yana tafiya kamar bai san da ɗan'uwansa ba. Ya sake yi mata aiki a 1970 da 1974 da 1985. A 1969 ya shirya faifan farko na ƙungiyar Stooges ta Iggy Pop, kuma shi ne ya buga fiyanon nan mai amo ɗaya tak da ake ta dannawa daga farkon fitacciyar waƙarsu har ƙarshenta, wanda idan ka lura darasin La Monte Young ne aka sa wa rigar 'yan tasha. Duk da haka kamfanin Elektra bai yarda da yadda ya haɗa sautin ba, sai Iggy Pop da shugaban kamfanin suka sake haɗawa, kuma sai bayan shekaru da yawa jama'a suka ji nasa haɗin. A 1972 ya ɗauki waƙoƙin gwaji na ƙungiyar Modern Lovers ta Jonathan Richman, waɗanda ba su fito ba sai 1976.

Mafi shaharar aikinsa shi ne Horses, faifan farko na Patti Smith, wanda aka ɗauka a situdiyon Electric Lady na New York a 1975. Smith mai rubuta waƙa ce kafin ta zama mai rerawa, kuma daga baya ta ce ma'aikacin na'ura ta so ta ɗauka sai ta tarar da mai fasaha mai taurin kai irin nata. Da farko Cale ya ce kayan kiɗan yaranta ba sa riƙe amo, ya sa aka samo wasu. Sannan ya yi ta matsa mata a kan ta daina karanta abin da ta rubuta, ta ƙirƙiri baiti nan take a gaban makirfo kamar yadda take yi a dandali, kuma daga wannan matsi ne dogayen waƙoƙin faifan suka samu ransu. Idan ka jera waɗannan ayyuka, wato Stooges da Modern Lovers da Patti Smith, za ka ga cewa tubalan da aka gina kiɗan punk, wato rok mai sauri da kaushi, a kansu a ƙarshen shekarun 1970 sun bi ta hannun mutum ɗaya, wanda shi kansa ɗan makarantar kiɗan ilimi ne. Da faifan farko na Velvet Underground da Horses duk suna cikin kundin sautukan da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya zaɓa domin adanawa.

Ba kullum dabarar take ci ba. Da aka ba shi faifan farko na ƙungiyar Squeeze ta Landan, wanda ya fito a 1978, ya yi watsi da waƙoƙin da suka zo da su ya ce su rubuta sababbi, kamfanin A&M ya saurara ya ce bai ji abin da za a sa a rediyo ba, sai 'yan ƙungiyar suka shirya waƙoƙi biyu da kansu, kuma ɗaya daga cikin biyun ce ta yi kasuwa. Ya kuma shirya faifan farko na Happy Mondays a 1987.

Game da abin koyi, ɗan'uwa, zan ce ka lura da cewa kusan duk manyan ayyukansa faifan farko ne na mawaƙan da ba su riga sun san kansu ba. Bai goge musu kaifi domin su yi kama da abin da kasuwa ta saba da shi ba, ya nemi abin da ya bambanta su ne ya ƙara masa ƙarfi. Amma ka tuna cewa Cale yana iya zama ya buga biyola da fiyano da jitar bes da ogan da hannunsa, yana kuma rubuta wa babbar ƙungiyar makaɗa abin da za ta bi, saboda haka idan ya ce wa mawaƙi a sake, yana da abin da zai nuna masa a madadin wanda ya ƙi.

Malam, wani abokina ya ce waƙar Hallelujah da ke cikin fim ɗin Shrek ta John Cale ce, ni kuma na ce ta Leonard Cohen ce. Wa ya yi daidai? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. Leonard Cohen, ɗan ƙasar Kanada, shi ya rubuta waƙar, ta fito a faifansa na 1984 wanda kamfanin Columbia ya ƙi fitarwa a Amurka a lokacin, saboda haka ba ta yi tashe ba. Cale ya ji Cohen yana rera ta a dandali da wasu baitoci dabam da na faifan, ya roƙe shi ya aiko masa da kalmomin, sai Cohen ya turo masa shafi 15 ta na'urar faks. Cale ya tsince baitocin da suka yi masa, ya gauraya masu ishara da labaran Baibul da masu maganar soyayyar da ta lalace, ya cire duk kayan kiɗan ya bar fiyano da murya kawai. Wannan ya fito a 1991 cikin wani faifan girmama Cohen da wata mujallar Faransa ta shirya. Daga wannan siga ce mawaƙin Amurka Jeff Buckley ya ɗauki tasa ta 1994, kuma yawancin waɗanda suka rera waƙar bayan nan zaɓin baitocin Cale suke bi ko sun sani ko ba su sani ba. Muryar da aka ji a cikin fim ɗin na 2001 ta Cale ce, amma a faifan waƙoƙin fim ɗin da aka sayar a kasuwa an sa ta wani mawaƙi dabam, Rufus Wainwright, abin da ya ƙara rikita mutane. Ka ga a nan ma aikin furodusa ya yi, wato ya gano waƙar da ke ɓoye cikin tarin takardun wani.

Gaskiya ne ya taɓa yanka kaza a kan dandali? Kuma idan mutum yana son ya fara sauraron waƙoƙinsa na kansa, daga ina zai fara? Daga wata ɗaliba a Jos.

Gaskiya ne, 'yar'uwa, amma kazar ta riga ta mutu kafin a hau dandali. A 1977 ne, a Croydon da ke kudancin Landan, ya sare kanta da wuƙar mahauta ya jefa wa masu kallo, mai gangarsa wanda ba ya cin nama ya ajiye sanduna ya bar ƙungiyar. Wannan ya faru ne a shekarun da giya da hodar iblis suka yi masa katutu, kuma ba na ganin akwai wata fasaha a cikin abin da ya wuce neman tayar da hankali. Ya bar shaye-shaye bayan haihuwar 'yarsa a 1985, ya koma motsa jiki.

Wajen saurare, ki fara da Paris 1919 na shekarar 1973, wanda ya ɗauki sunansa daga taron sulhun da aka yi a birnin Faris bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda ya san Cale da ƙara kawai zai yi mamakinsa, domin waƙoƙi ne masu daɗin kari, da babbar ƙungiyar makaɗa a bayansu, suna yawo tsakanin garuruwan Turai da tunanin gida. Daga nan ki wuce zuwa Fear na 1974, na farko cikin faifai uku da ya yi wa kamfanin Island, inda waƙa takan fara a natse ta ƙare da ihu. Music for a New Society na 1982 ki ajiye shi sai kin saba da shi, domin kusan nan take ya ƙirƙire shi a situdiyo yana cikin ƙunci, kuma ba faifan da ake sa wa a yi hira ba ne. Idan kuwa muryarsa da fiyano kawai kike so, akwai Fragments of a Rainy Season na 1992, wanda aka ɗauka a dandali.

Ko da yake tun 1963 yawancin zamansa a Amurka ne, Wales ba ta sake shi ba. Har yau lafazinta yana bakinsa. A 1989 ya ɗora kiɗa a kan rubutattun waƙoƙin Dylan Thomas, babban mawaƙin Wales, aka ɗauki makaɗan a birnin Mosko, Brian Eno kuma ya shirya faifan. A 2009 ya wakilci Wales a baje kolin fasaha na birnin Venice da ke Italiya da wani aiki na hoto mai motsi da sauti mai suna Dyddiau Du, wato Baƙaƙen Ranaku da harshen Welsh, wanda a cikinsa ya koma gidan da ya girma a Garnant ya ɗauki hotunan ɗakunansa babu kowa a ciki. A 2010 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girmamawa ta OBE. Ya fitar da Mercy a watan Janairu na 2023 yana da shekara 80, tare da mawaƙan da ya yi jika da su, sannan ya biyo da POPtical Illusion a watan Yuni na 2024, kuma a dukkansu biyun na'urorin lantarki da salon bugun hip-hop ya fi dogara da su a kan jita.